Muryar Ba Kyari a Ɓarawon Azahar

Ku samarin da kuka zo shagona a Gomari, nan Maiduguri, kuna neman kaset ɗin Ɓarawon Azahar, na ce muku ku ba ni lokaci. Ga amsata a rubuce, domin in na tsaya yi muku bayani da baki zan yi fushi, kuma saurin fushi shi ne babban aibina tun ina saurayi. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Kun ce za ku juye fim ɗin ya koma waya, ku wanke hoton, ku rage ƙarar janareta. Duk na yarda. Sai ɗayanku ya ce akwai manhajar da za ta ɗauke muryar jarumin ta sa wata mai Hausa tsantsa, wai don kada mutane su yi dariya, kuma aikin ba zai kai shan shayi ba. A nan ne na mayar da kaset ɗin cikin akwati na kulle. Kun zaci rowa ce. Ba rowa ba ce. Ba ku ne farkon waɗanda suka nemi cire muryar nan ba.

Sunana Sale, aikina ɗaukar sauti. Kuna ganin ba sana'a ba ce, tunda kowa yana da waya a aljihu. Ni na fara ne a wajen wani mai gyaran rediyo a bakin Kasuwar Litinin. Yakan juya min baya, ya kunna rediyon da aka kawo, ya ce in gaya masa ciwonta ba tare da na buɗe ta ba. In na yi kuskure ba ya duka, sai ya ce, "Kunnen naka na ado ne?" ya sake kunnawa. Daga nan na koma jan lasifika zuwa gidajen biki da wajen wa'azi, ni ne ɗaukar kaya, ni ne hawa bishiya in ɗaura, ni ne shan zagi in ta yi ƙugi.

Aikin farko da aka ba ni ni kaɗai, wushe-wushen wani biki ne, wato taron gaisuwar ango da Barebari ke yi. Aka ce in ɗauki sautin taron a kaset. Na ga masu ganga da mai algaita sun fi kowa ƙara, sai na kafa makirufo a gabansu, ina jin daɗi allurar rikoda tana tsalle. Washegari uwar ango ta zauna ta saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, sannan ta dube ni ta ce, "Ɗana, ina maganar Kaka?" Ashe tsohuwar gidan ta sa wa ango da amarya albarka a hankali, daga kan tabarmarta, kuma abin da suke so su ajiye ke nan. Ni kuwa algaita na kawo musu. Ba su zage ni ba, kuma ba su sake kirana ba. Tun daga ranar na gane cewa mai sauti ba ƙara yake bi ba. Aikinsa ya san wanda ya kamata a ji, ya je inda yake.

Bayan wasu shekaru na haɗu da Usman, mai kyamarar ɗaukar biki. Kyamarar nan irin ta kafaɗa ce, mai cin babban kaset, in ka ɗauke ta wuni guda sai an gasa maka wuya. Usman ya girme ni, kuma shi ne maigidana a aikin. Lokacin finafinan Hausa sun fara cika shagunan kaset, duk daga Kano suke zuwa. Wata rana ya ce, "Sale, mu ma fa muna da ɓarayi a garin nan. Me zai hana mu yi namu?"

Ba mu da fitilun ɗaukar hoto, saboda haka ba za mu iya yin sata cikin duhu ba. Usman ya ce to ɓarawonmu da rana zai riƙa shiga gidaje, lokacin da maza suka tafi masallaci, mata suka kwanta saboda zafi. Daga nan sunan fim ɗin ya fito. Mutane sun yi ta yaba wannan dabara daga baya, ba su san rashin fitila ne ya haife ta ba.

Kayan aikina kuwa, makirufo ɗaya ne na wa'azi, na ɗaure shi a kan doguwar gora da robar tayar keke, na sa masa safa biyu saboda iska. Wayarsa duk ƙulli ce, in wani ya taka sai ka ji kamar ana soya ƙosai. Janareta muna kai shi bayan katangar maƙwabta mu jingina masa tsohuwar katifa. Ni kuma ina tsaye da gora sama da kaina, ba damar in yi tari. Gomari kuma kun san kusa da filin jirgi take. Sai magana ta yi daɗi jirgi ya taso, kowa ya tsaya da baki buɗe har ya wuce.

Kurakuran da ke cikin fim ɗin ba na ɓoye su. Akwai inda ɗan sanda yake yi wa mutum tambayoyi a ofis, zakara ya yi cara a bayansu, domin ofishin zauren gidan su Usman ne. Akwai inda inuwar gorata take yawo a bango. Akwai inda ake kukan an yi sata, ana jin mai tallar ruwan sanyi daga waje. Duk laifina ne, na amsa. In manhajarku za ta iya yanka zakaran nan, ku yanka shi, na yafe muku namansa.

Jarumin, Ba Kyari, ba ɗan wasa ba ne. Mai wankin hula ne a wata rumfa kusa da kasuwa. In ka je za ka tarar da huluna jere a rana, kowace an kafa ta a kan gungumen itace, an sa mata sitaci, shi kuma yana zaune yana bin zaren da buroshi. Usman fuskarsa ya gani: dogo, siriri, idanunsa ba sa saurin ƙiftawa. Ni kuwa muryarsa na ji. Wani mai hula yana ta yi masa masifa wai an ɓata masa zare, Ba Kyari bai ɗaga murya ba, ya ce masa kalma uku ko huɗu a hankali, sai na ga mutumin ya sauko ya karɓi hularsa. Na ce wa Usman, wannan ne.

Hausarsa irin ta dattawan Barebari ce, wadda kuka taso kuna ji a gidajenku ko a maƙwabta. Ba ya cewa ɓarawo, sai barawo. Ba ya cewa ƙofa, sai kofa. Mace da namiji duk kai ne a wajensa, matarsa ma yakan ce ya tafi kasuwa. Mu a lokacin ko a jikinmu, don haka rabin garin yake magana. Ba mu da rubutaccen labari. Usman zai ce ga abin da zai faru, kowa ya faɗa da bakinsa.

Fitowar da ta ɗauki fim ɗin, a GRA muka yi ta, a gidan gwamnati da aka ba wani akawu. Matarsa, Mama Rifkatu, malamar makaranta ce daga kudancin Borno, ta saba wasan kwaikwayo a cocinsu, ita ta fito a tsohuwar gidan. Labarin shi ne ɓarawo ya shigo yana zaton ba kowa, sai ya tarar da tsohuwa ba ta da lafiya, tana zaune a falo. Usman ya ce wa Ba Kyari ya zare wuƙa ya daka mata tsawa. Ba Kyari ya ce to. Na sa aka kashe fanka saboda ƙararta, aka rufe tagogi, zufa tana zuba a idona.

Da aka fara ɗauka, bai zare wuƙar ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, makullai a hannunsa, suna ɗan kaɗawa. Ya ce mata, "Namne," wato zauna da Barbarci. Sannan ya tuna Hausa ake yi. Ya kira ta Ya, wato Inna a yarensu, ya ce, "Kai zauna, Ya. Kar ka yi kuka. Ni ba na taba ka. Ka duba bango."

Maganar ta yi ƙasa ƙwarai, sai da na sauko da gora har ta kusa shiga hoto. Mama Rifkatu ta ce, "Ɗana, ba ka tsoron Allah?" Ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har Usman ya ɗago ido daga kyamara. Ni da abin saurare a kunnena ina jin numfashinsa, na ji ya haɗiyi yawu. Sannan ya ce, "Ina tsoro. Ka duba bango."

Da Usman ya ce a tsaya, Mama Rifkatu ba ta tashi ba. Ta ce, "Kyari, Allah ya shirye ka. Ka tabbata hula kawai kake wankewa?" Ya ce, "Madam, ka yi hakuri." Ta ce, "Haƙurin me, a buɗe min fanka kafin in mutu da gaske."

Haɗa fim ɗin ya ci mana watanni. Bidiyo biyu muke jerawa, ɗaya yana karantawa ɗaya yana ɗauka, yatsa a kan maɓalli. In ka makara da ƙiftawar ido sai ka koma baya. Abin da ya fito daga wannan wahala kaset ɗaya ne tak, shi muke kira uwar kaset, daga shi ake juye sauran. Kaset ɗin da muka yi ɗauka a kansu kuwa tuni Usman ya mayar da su ɗaukar biki, don ba mu da halin ajiye su.

Akwai wani Alhaji daga Kano da yake kawo finafinai shagunan Kasuwar Litinin, shi ne kuma yake iya kai naka Kano, Kaduna, har Sakkwato. In bai karɓi fim ba, fim ɗin a garinku zai tsufa. Usman ya gayyato shi shago, ya sayo masa lemo, aka kira Ba Kyari ya zo da sabuwar hula. Alhaji yana kallo yana gyaɗa kai, har aka zo wajen tsohuwa. Sai ya tuntsire da dariya.

"Wai kai zauna yake ce mata? Tsohuwar namiji ce?" Ya share hawaye. "Malam Usman, hoto ya yi, labari ya yi. Amma in na kai wannan Kano, a barkwanci za a ɗauke shi. Ku sa masa murya, in karɓa."

Ba na zaginsa. Kasuwarsa ya sani, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma Ba Kyari yana zaune a gefensa lokacin da yake dariyar.

Bidiyonmu yana da wani jan maɓalli. In ka danna shi, hoto yana nan, amma sautin da ke kan kaset yana gogewa, sabon da kake faɗa a makirufo ya hau gurbinsa. Abin da ya goge ya tafi ke nan. Juye na juye kuma hotonsa dishi-dishi yake fita, Alhaji ba zai karɓa ba, saboda haka dole a kan uwar kaset za a yi.

Usman ya samo wani saurayi Bakano mai suna Nasiru, wanda yake karanta tallace-tallace. Na ce mu gwada a kan juye tukuna. Gaskiya yaron ya iya aiki, ya fi mu duka Hausa, kuma ba shi da girman kai. Ya kalli leɓen Ba Kyari ya bi shi daidai. Ya ce, "Ke zauna, Inna. Kada ki yi ihu. Ba zan taɓa ki ba. Ki dubi bango." Ba kuskure ko ɗaya. Amma makullan nan sun daina kaɗawa, numfashin ya tafi, haɗiyar yawun ta tafi, domin duk a layi ɗaya suke da muryar. Mutumin da ke cikin hoton yana rawar jiki, wanda ke magana kuma a ƙoshe yake. Na ce wa Usman ba zan yi ba. Ya ce fim ɗin nasa ne. Na ce kunnen nawa ne. Na ƙara da wasu maganganu da bai kamata yaro ya gaya wa maigidansa ba, Allah ya yafe min.

Abin da ban zata ba shi ne zuwan Ba Kyari. Ya zo da hantsi, hannunsa duk sitaci. Ya ce, "Sale, ka cire. Yarana suna makaranta. Za a yi musu dariya, a ce ubanku bai iya magana."

Ban lallashe shi ba, don ban iya ba. Na sa uwar kaset a bidiyo, na kai ta daidai bakin ƙofar falon nan, na nuna masa jan maɓallin. Na ce, "Ba Kyari, murya taka ce. Ga shi nan, danna da hannunka. Amma ka ji duka biyun tukuna."

Na kunna masa juyen da ke da muryar Nasiru a ɗaya bidiyon. Ya saurara. Na kunna masa nasa. Ya ce in mayar da na yaron, wajen da tsohuwa ta yi tambaya. Na mayar. Nasiru ya ce, "Ina tsoro." Ba Kyari ya karkata kai.

"Wannan yaro karya yake," in ji shi. "Ba ya tsoro."

Ya daɗe yana kallon maɓallin. Sannan ya miƙe ya ce hulunansa suna rana, ya fita. Bai ce a bari ba, bai ce a cire ba.

Usman ya ce, "To ka ji, bai hana ba. Danna."

Na ce, "Oga, kai ma kana da yatsa."

Ya zauna a gaban bidiyon har aka kira azahar. Shi ma bai danna ba. Ya cire kaset ɗin ya miƙo min ya ce, "Riƙe. Kai ka jawo mana."

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Alhaji bai karɓa ba. Muka riƙa juyewa da kanmu muna bin shaguna da gidajen kallo da kaset a jaka. A Gomari na tsaya a bayan wani gidan kallo ina sauraron mutane, don ni mutane nake saurare, ba fim ba. Da zakara ya yi cara sun yi dariya har da tafi. Da aka zo wajen tsohuwa, ba wanda ya yi motsi. Wani dattijo a kusa da ni ya ce a hankali, "Wannan ai kamar maƙwabcina." Abin da ya tsorata su ke nan. Ba ɓarawon fim suka ji ba, sun ji mutumin da suke gaisawa da shi kullum.

Amma shirun 'yan kallo ba ya cika tukunya. Garin ɗaya ne, kuma duk wanda ya sayi kaset ɗaya sai ya juye wa goma. Usman ya sayar da kyamara ya koma tuƙin mota. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, sai a wajen sunan jikarsa ya miƙo min hannu. Ni na koma hawa bishiya da lasifika. Ba Kyari kuma abin da ya ji tsoro ya same shi, ko da ba duka ba: yara suna wucewa ta rumfarsa suna cewa "ka duba bango" su ruga. Bai sake fitowa a fim ba. Ba zan ce muku taurin kaina bai cuci kowa ba. Ya cuci Usman da iyalinsa, na sani. Amma in aka mayar da ni gaban maɓallin nan yau, hannuna yana aljihu.

Ga abin da nake so ku gane, ku da kuke cewa aikin ba wuya. Gyara sauti daban, gyara mutum daban. Ƙarar janareta ba ta cikin labarin, ku cire. Amma wannan kai da ya ce wa tsohuwa, a cikin labarin take. Ɓarawon Maiduguri ne, a gidan Maiduguri, tsoro ya kama shi har harshen uwarsa ya riga Hausa fitowa. In kuka daidaita masa nahawu, kun kori mutumin kun bar rigarsa.

Duk da haka na tuna abin da na gaya masa da bakina, cewa murya tasa ce. Saboda haka bayan tafiyarku na hau keke na je wajensa. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ne suke wankin hular yanzu, shi yana kan tabarma a inuwa. Yaran da ya ji wa tsoron dariya, ɗaya ma malamin makaranta ne.

Na gaishe shi da Barbarci, na ce, "Wushe, Ba Kyari."

Ya ce, "Sale mai gora. Kana nan da fushinka?"

Na ce ina nan, amma ya ragu. Na gaya masa wasu samari suna so su sa fim ɗin a waya, duniya ta gani. Ya ce to, su sa. Na ce akwai magana: suna da na'urar da za ta gyara masa Hausa, ta sa ya ce ke, ya ce ɓarawo, kamar mutumin Kano. Na ce wancan karon bai ba ni amsa ba, ya ce hulunansa suna rana. Yau kuma ba shi da hula a rana.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ɗansa ya kawo masa ruwa. Ya sha, ya goge baki.

"Madam yana raye?"

Na ce Mama Rifkatu ta rasu, shekarun baya.

Ya ce, "Shi bai yi dariya ba. Shi na gaya wa magana, kuma ya gane." Ya gyara zama. "Ka ce wa yaran, kaset ka ba su. Amma wanda yake so ya gyara Hausana, ya zo nan. Ga ni, ga bakina. Ya gyara a nan."

Saboda haka kaset yana nan, ku zo ku karɓa, ni zan zauna kusa da ku har ku gama juyewa. Wanda kuma yake da manhajar nan, rumfar tana bakin kasuwa, layin masu hula. Ya je da safe, lokacin ne tsohon ya fi jin magana.